Raket ɗin haya a Chamrousse: tafiya ta yi daɗi, shago ya ɓata mini rai

Wanda ke karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa ya san yadda hunturu ke kulle mutum, daga aji sai ɗaki, jiki ya yi nauyi. Ni ban iya wasan ski ba, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuɗin lif ɗin da ke kai mutane saman tsauni ma ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa da 'yan'uwa suka ce mu je Chamrousse mu gwada raket, na amince nan take. Raket shi ne faffaɗan takalmin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin but (babban takalmi mai rufe idon sawu) domin kada ƙafa ta nutse a dusar ƙanƙara. Wurin bai wuce kilomita 30 daga gari ba, a tsaunukan Belledonne, can aka yi tseren ski na gasar Olamfik ta 1968. Muka biya kuɗin jagora, muka ɗauki raket da sanduna haya a wani shago a can.

Gaskiya jagoran ya burge ni. Kafin mu tashi ya duba sanarwar hukumar yanayi ta Météo-France kan haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara, ya yi mana bayanin matakanta daga 1 zuwa 5, ya ce ranar ba za mu bi ƙarƙashin gangare mai tsayi ba. Ya sa muka cire babbar rigar sanyi tun a farko, muna ta gunaguni, amma kafin a yi nisa kowa ya jiƙe da gumi. Daga filin Arselle muka kama hanyar tafkin Achard, wanda ke kusan mita 1,900 a sama, cikin itatuwan da dusa ta danƙare wa rassa. Motsa jiki kam an yi shi, cinya da ƙirji duk sun shaida. Da azahar ta yi muka nemi izini, ya tsayar da ayari ba tare da ya ɓata fuska ba, har ya tattake mana wuri da raket ɗinsa don mu shimfiɗa riguna mu yi salla. Allah Ya saka masa da alheri. Da a nan aka tsaya, da taurari biyar zan bayar.

To amma raket ɗin da shagon ya ba ni. Kowa ya san ana zaɓen raket ne gwargwadon nauyin mutum haɗe da jakarsa, ni kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Yaron shagon bai tambaye ni nauyina ba, bai ko kalli but ɗina ba, ya miƙo mini na farko da hannunsa ya kai. Inda aka riga aka tattake hanya ban ji komai ba. Da muka shiga sabuwar dusa sai na ga abokan tafiya suna wucewa a sama, ni ina lumewa har gwiwa, kamar mai ratsa rairayin Tenere da kaya a ka. Sannan a tsakiyar hawa, daidai lokacin da na ɗaga ƙarfen da ke tokare diddige, madaurin ƙafar hagu ya tsinke. Raket ya sulale ya bar ni, ƙafa ta nutse, dusa ta cika mini but. Da jagoran ya ɗauko shi ya nuna mini, robar ta riga ta bushe ta tsattsage, tsohuwar ɓaraka ce, har launinta ya dishe. Ya ciro igiya daga jakarsa ya ɗaure mini, da haka na ƙarasa, ina tsayawa ina gyarawa, ina jan ayari baya. Tafkin da aka zo gani, ya daskare fari fat, ban more shi ba, domin na daina jin yatsun ƙafata, hankalina duk yana kan saukowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dawowa. Mai shagon ya juya raket ɗin, ya ce ni na lalata, zai cire daga kuɗin ajiyar da na bari. Na nuna masa tsattsagewar, ya ɗaga kafaɗa. Jagoran ya sa baki ya ce tsohon kaya ne, shi ma ya gani, amma sai da aka riƙe mini rabi. Wani ƙanenmu na cewa in haƙura in bar shi ya wuce, ni kuwa na kasa, domin ba kuɗin kaɗai ba ne. Mutum ya ba ka kayan da zai iya jefa ka cikin haɗari a kan tsauni, sannan ya caje ka kuɗin gyaransa.

Tafiyar raket zan sake yi in sha Allahu, da wannan jagoran ma, amma da nawa na kaina, ko na hannu ne. Wanda zai yi haya ya lanƙwasa madaurin da hannunsa a gaban mai shago, ya duba haƙoran ƙarfen da ke ƙasa, ya tambayi nauyin da raket ɗin ke ɗauka, ya ɗauki hoto kafin ya fita. Taurari biyu na ba shagon, na kuma aika musu da saƙo kan sauran kuɗina, har yau ba su amsa ba.