Jinyar firgici da tsoron fita: me ake samu a sashen ƙwaƙwalwa, kuma ya cancanci kuɗin mota?

Mai fama da firgici ba ya fara zuwa sashen ƙwaƙwalwa. Sai ya sha maganin olsa, an yi masa gwajin taifot, an kai shi ruƙiyya, sannan a ce ya gwada asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure, ko sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano. A ganinmu tafiyar ta cancanta, amma da sharaɗin ya san abin da zai nema.

Ciwon yana zuwa ne farat ɗaya: zuciya ta dinga dukan uku-uku, zufa, ƙuncin numfashi, jiri, mutum ya tabbatar ajalinsa ne ya zo. Yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, sannan ya lafa. Saurin numfashin ne ke rage iskar kabon a jini, shi ya sa yatsu da leɓe ke yin tsam-tsam. Daga nan sai tsoron maimaituwa ya kafu: a daina shiga kasuwar Wudil ran Juma'a, a ƙi mota mai cunkoso, a koma sahun baya a masallaci don kusa da ƙofa. A wajen matan da ke kulle abin yakan ɓuya shekaru, sai an ga ta daina zuwa suna da biki da awo.

Zaman farko shi ne ma'aunin wurin. Ma'aikacin kirki zai auna hawan jini da bugun zuciya, ya duba ƙarancin jini, asma da maƙoƙo, ya tambayi goro nawa ake ci, da kofi, da taramol ko kodin. Wanda ya rubuta magani bai yi wannan ba, ya tsallake rabin aikin.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne sertraline ko fluoxetine. Sertraline akan fara da miligiram 25, a kai 50 bayan mako guda. A makon farko faɗuwar gaba kan iya ƙaruwa, ga tashin zuciya, kuma nan ne mutane ke watsar da shi. Amfaninsa sai bayan mako 2 zuwa 6, ana kuma ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, a janye a hankali. Diazepam da Lexotan na kemis kuwa suna kwantar da mutum nan take, amma jiki na sabawa da su, kuma suna hana ƙwaƙwalwa gane cewa firgicin kan wuce da kansa.

Gishirin jinyar yana wajen zaman tattaunawa, wanda likitoci ke kira CBT, sau ɗaya a mako, kamar zama 8 zuwa 12. Ana jera wuraren da ake tsoro, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Misali: zaure 2, bakin rijiya 4, shagon unguwa 5, hawa babur zuwa ƙauyen gaba 7, tsakiyar kasuwar Maigatari ran Alhamis 10. A fara da na ƙasa, kullum, a tsaya har tsoron ya ragu da kamar rabi. Gudu a lokacin da ya yi tsanani yana ƙara masa ƙarfi ne. Ɗan rakiya ya fara tafiya tare, sannan ya koma taku ashirin a baya, sannan ya zauna gida. Wasu ma'aikatan har sa mara lafiya suke ya yi juyi a tsaye ko ya hau matakala da gudu, don ya saba da jiri da bugun zuciya a gabansu. Addu'a ba ta cin karo da wannan ko kaɗan. Abin da ke ɓata aikin shi ne kwalbar ruwa ko ƙwayar da aka ƙudurta cewa in babu ita ba za a tsira ba.

Inda hidimar ke da rauni shi ne lokaci. Masana halayyar ɗan adam ba su da yawa, layi dogo, sau da yawa a ƙare da sabunta takardar magani kawai. Ga kuma ciwon da ke hana shiga mota, an ce a zo birni duk mako. Don haka a roƙi a rubuta matakan a takarda tun zuwan farko, a tafi da wanda zai riƙa bibiya a gida, a tambaya ko za a iya yin wasu zaman ta waya, a sayi maganin da zai kai har ranar dawowa. Ciwon ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, suma, ko tunanin halaka kai ba sa jiran ranar kilinik, a garzaya asibiti mafi kusa.