Neurobion: wanda yake yi wa amfani da wanda yake ƙara wa waswasi

A yawancin kemis ɗinmu, in mutum ya shigo ya ce tafin ƙafarsa na zugi, ko yatsunsa na yi kamar ana tsira musu allura, ko yana jin tafiyar kiyashi a hannu, kafin ya rufe baki an miƙo masa katin Neurobion. Maganin ba na banza ba ne, kuma likitoci na rubuta shi. Matsalar ita ce da yawa daga masu sayensa ba su san abin da suke nema ya gyara ba, kuma a cikinsu akwai waɗanda ciwonsu na gaskiya fargaba ce, ba ƙarancin bitamin ba.

Haɗin bitamin B uku ne: B1, B6 da B12. Kamfanin Merck na Jamus ne ya fito da shi, daga baya sashen da ke yinsa ya koma hannun Procter & Gamble a 2018. Nau'in ƙwayar da aka fi sani na ɗauke da B1 miligiram 100, B6 miligiram 200, B12 maikurogiram 200. Amma a juya bayan kwali a karanta, domin ana shigo da shi daga ƙasashe daban-daban kuma ma'aunin ba ɗaya ba ne. Neurobion Forte na Indiya, alal misali, B6 ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma yana da B2, wanda ke mai da fitsari rawaya shar. Wannan launin ba cuta ba ne, amma ya sha tayar wa masu waswasi hankali. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A kuma lura da Dolo-Neurobion, wanda sunansa ke ruɗar mutane: shi akwai diclofenac a ciki, maganin ciwo mai cin ciki da wahalar da ƙoda. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ya karɓe shi a madadin wancan.

Inda yake aiki, yana aiki sosai. Mai ciwon suga da ya yi shekaru a kan metformin yakan rasa B12, domin maganin na rage yadda hanji ke tsotsarsa. Mai shan maganin tarin fuka yakan ji ƙafa na sagewa saboda isoniazid da ke cikin maganin na cinye B6, ko da yake shi B6 kaɗan ake ba shi a asibiti, ba 200 ba. Wanda giya ta lalata wa ci yakan rasa B1. Tsofaffi da waɗanda nama da ƙwai da madara suka yi wa nisa su ma suna ciki. Sai dai a yi haƙuri da shi: jijiya tana farfaɗowa a hankali, ana maganar makonni zuwa watanni, ba kwana uku ba. Kuma wanda cikinsa ba ya iya tsotsar B12 kwata-kwata, maikurogiram 200 ba zai wadace shi ba. Allura ake masa ko a ba shi ma'auni mai girma, bisa tsarin likita.

Babban aibinsa B6 ne. Baligi na bukatar kusan miligiram 1.3 a rana, ƙwaya ɗaya kuwa ta ninka haka sau wajen 150. A Amurka iyakar da aka ɗora wa baligi miligiram 100 ce a rana, hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai kuma ta sauko da tata zuwa 12 a 2023. Dalili shi ne B6 in ya yi yawa na tsawon watanni yana lalata jijiyoyin ji, kuma alamarsa ita ce dai abin da aka sayi maganin domin shi: zugi, sagewa, tsira-tsirar allura, wani lokaci har da tangaɗi a duhu. Sai mutum ya ga abin ya ƙaru, ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan, ya koma uku a rana, miligiram 600 ke nan. Wannan zagayen ya fi kama masu waswasin cuta, domin su ne ba sa iya ajiye magani muddin jiki bai yi shiru ba. Wanda ya wuce wata ɗaya yana sha ba tare da likita ya duba shi ba, ya dakata ya je a duba.

Aibi na biyu ya fi ɓoyuwa. Wanda ya sha kwana goma sannan ya je gwajin B12, sakamakon na iya fitowa lafiya ƙalau ko da asali yana da ƙaranci. An ɓata shaidar ke nan. A fara gwaji, sannan magani.

Gwajin da ya kamata a fara da shi ba mai tsada ba ne. Suga da safe kafin a karya: 126 zuwa sama a ma'aunin miligiram, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, in ya maimaitu, ciwon suga ne. 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Sai gwajin yawan jini, sai B12, sai aikin ƙoda, da na maƙoƙo in likita ya ga dama. A ce a cire takalmi a duba ƙafa da siririn zaren robar nan da ake dangwalawa a tafin ƙafa. In kuma akwai wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, a nuna shi, domin yana iya zama kuturta. Kuturta ba ta ƙare a Arewa ba, maganinta kyauta ne, kuma bitamin ba ya taɓa ta.

Wurin da abin yake ma yana magana. Ciwon suga da ƙarancin B12 sukan fara daga yatsun ƙafa biyu, su hau a hankali kamar an sa safa. In babban yatsa da manuni da na tsakiya ne ke sagewa, musamman cikin dare har sai an yarfa hannu, jijiya ce ta matse a wuyan hannu; ya yi yawa a masu juna biyu, teloli da masu kitso, kuma ɗaurin da ke miƙar da wuyan hannu lokacin barci ya fi kowace ƙwaya. In ƙaramin yatsa ne da rabin na kusa da shi, a dubi gwiwar hannu: dogara ta a tebur ko lanƙwasa ta awa guda ana riƙe da waya.

Na fargaba kuwa kamanninsa daban. Yakan zo hannu biyu lokaci guda, har da gefen leɓe, tare da bugun zuciya, jiri da jin kamar numfashi bai isa ba. Yau yana hannu, gobe yana fuska, in mutum ya shagala da aiki ya ɓace, in ya kwanta yana sauraron jikinsa ya dawo. Ba ƙarya mai shi yake yi ba, kuma ba iska ba ce. Numfashi da sauri na fitar da iskar kabon fiye da kima, jini ya sauya, kalsiyam da jijiyoyi ke amfani da shi ya ragu na ɗan lokaci, sai jijiyoyi su riƙa harbawa da kansu. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a zauna, a rufe baki, a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida, ciki ne zai riƙa tashi ba ƙirji ba, har minti biyar. In abin ya lafa, Neurobion ba shi da aikin yi a nan. Abin da ke taimakawa shi ne rage shayi mai kauri da kofi da goro, daina binciken alamomi a intanet da dare, daina matsa yatsu kowane minti ana gwada su, da ganin likitan da ya san damuwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suna ganin irin wannan, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Akwai kuma lokacin da tsayawa a kemis ma ɓata lokaci ne. In gefe ɗaya na jiki ya sage farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe ko hannu ya ƙi ɗaguwa, asibiti kai tsaye, domin shanyewar ɓarin jiki awoyin farko ake ceto. Haka in rauni ya fara daga ƙafa yana hawa cikin 'yan kwanaki, ko fitsari ya ƙi riƙuwa tare da ciwon baya da sagewar tsakanin cinyoyi.

Allurar Neurobion da ake yi a bayan kanti ba ma goyon bayanta. Dole ta shiga can cikin tsoka, hannun da bai ƙware ba na iya sokar jijiyar ɗuwawu, kuma allurar B1 kan tayar wa wasu ƙalilan da mummunan borin jini wanda kemis ba shi da kayan tararsa.