Gandun dajin W: kwana a tanti ya yi, amma wanka a kogi a manta da shi

Jama'a masu tambaya a kan Parc W, ga abin da na gani da idona. Amma tun farko in faɗa muku, tafiyar tamu kafin tsaro ya lalace a yankin Tillaberi ne, yanzu kam ba zan ce ma kowa ya ɗauki iyalinshi ya nufi Tapoa, mashigar gandun, ba, tun harin da ƴan bindiga suka kai a Kure a watan Agusta na 2020 masu yawon buɗe ido suka ja baya, kuma dajin W ɗin kanshi masu bindiga sun shiga cikinshi.

Daga Yamai wajen kilomita 150 ne. Ka ƙetare gadar Kennedy ka bi hanyar Say, har Say ba laifi, daga nan kuma sai jar ƙasa ta Tamou, wallahi kafin mu iso ƙura ta mai da mu jajaye kamar mun yi dambe da tukunyar manja. In ba kat-kat (mota mai ja da taya huɗu) gare ka ba kada ma ka soma, kuma ka cika tanki tun daga gari ka ɗauki bido na isansi da tayar safaya mai kyau.

A lokacin da muka je, a ƙofar shiga ana biyan kuɗi a ba ka gid, wato ɗan rakiya, dole ne, ba a barin mutum ya shiga shi kaɗai. Ni da farko na ɗauka hanyar cin kuɗi ce kawai, ashe shi ne rabin tafiyar. Namu ɗan ƙauyukan kusa ne, yana jin Zabarmanci da Fulatanci da Hausa daidai gwargwado, shi ya bayyana mana cewa sunan W ɗin daga kogin Neja ya fito, a wurin kogin ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar wannan harafin in an kalle shi a taswira. An kafa gandun a 1954 tun zamanin Faransawa, ya ratsa ƙasa uku, mu da Benin da Burkina, ɓangaren Nijar ya kai murabba'in kilomita 2,200, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 1996.

Abin da ya fi burge ni tafiyar ƙasa ce da muka yi da sassafe wajen kwazazzabon Tapoa. A mota kana wucewa ne kawai ka ga gwanki ya gilma ko gadu ya ruga da wutsiya a miƙe sama, amma a ƙasa sai gid ya ɗaga hannu kowa ya tsaya cak, ya durƙusa ya nuna mana kashin giwa, ya sa sanda ya fasa shi, ciki duk ƙwallayen ƴaƴan itace da ɓawo, ya taɓa da bayan hannu ya ce "Alhaji, wannan na daren jiya ne, ba su yi nisa ba". Can gaba muka tarar da wata kuka an yage mata gefe guda, ɓawon ya zazzago zare-zare, ya ce giwaye ne ke yi mata haka da rani don cikinta da danshi. Giwayen kansu sai da yamma muka gan su sun sauko shan ruwa, ɓauna ma mun gani garke guda daga nesa, su kam gid bai yarda mu matsa ba ko taki ɗaya. Zaki? Akwai shi a dajin, amma mu sawu kawai muka gani a kan yashi, wanda ya je don zaki lalle ya dawo yana ƙorafi.

Sai maganar wanka. Yaran da muka je da su tun daga gida da gajeren wando suka taho wai za su yi iyo, ruwan ga shi nan kwance gwanin sha'awa ga zafi, ɗan ƙanwata yana ta "Kawu mu shiga, Kawu mu shiga". Gid dariya kawai ya yi ya nuna mana wani abu a bakin ruwa da duk muka ɗauka gungume ne, ya jefa tsakuwa kusa da shi, gungumen ya sulale cikin ruwa. Daga nan ba wanda ya ƙara maganar iyo. Ban da kada akwai dorina, ita ce ma masunta suka fi tsoro don tana kife kwale-kwale, sannan ruwan da ke kwance ba ya gudu shi ne gidan tsargiya, yaro ya dawo da fitsarin jini kai ta jigilar zuwa likita. Mun dai shiga kwale-kwale an zaga da mu a kogi, mun ga kunnuwan dorina da hancinta suna fitowa suna nutsewa, wannan ya ishe mu.

Kwana a tanti kuwa ya yi daɗi ba ƙarya, amma a shirya. Mu lokacin hunturu muka je, da rana zafi da dare kuma sanyi har ƙashi, wanda bai zo da bargo ba ya sha wuya. Wurin da aka ba mu na kafa tanti ba a kula da shi yadda ya kamata, bayan gida ba ruwa, sai da muka yi ta tsimin namu na bido, wannan kam ban ji daɗinshi ba tunda an karɓi kuɗin kwana. Ga birai marasa kunya, gwaggon biri ɗaya ya zo har gindin mota ya sure ledar burodi muna kallo, ya hau dutse ya zauna yana ci. Duk abin ci a kulle a mota. Ƙudan tsando ma yana cizo ta cikin riga a wuraren da ke da duhuwa kusa da ruwa, a guji baƙaƙen kaya da shuɗi don su yake bi. Rezo kuwa babu, waya ta zama tocila kawai.

A wancan lokacin da damina rufe wurin ake yi don hanyoyi ba su biyuwa. Masu son ganin namun daji da yawa daga Fabrairu zuwa Afrilu suke zuwa, lokacin ciyawa ta bushe tafkuna sun ƙafe dabbobi duk sun taru bakin ruwa, sai dai zafin Afrilu a can ba na yara ba ne. In Allah ya kawo zaman lafiya aka sake buɗe hanya ni dai zan koma, amma wannan karon cikin Fabrairu, da bido biyu na ruwan wanka.