Labarin ƙoƙon gwiwata daga Jidda

Salamu alaikum Yaya, da fatan kowa lafiya, ya jikin Hajiya? Na ji duk an tayar mata da hankali wai ƙafata ta gutsure, dan Allah ki kwantar mata da hankali, ƙafa na nan daram, ƙoƙon gwiwa ne ya rabe biyu. A matakalar gidan da muke haya na zame bayan sallar isha, gwiwar ta daki bakin siminti, kafin a ce me ta kumbura ta yi suntum. Yaran ɗakinmu suka kira 997, motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar kenan, ita ta kwashe ni zuwa asibiti.

Abin da ya fara ba ni mamaki, likitan bai wani tattaɓa ni sosai ba, cewa ya yi in miƙe ƙafar in ɗaga ta sama ina kwance. Wallahi na yi na yi ta ƙi tashi kamar ba tawa ba. Ya ce to shi kenan, ƙoƙon shi ne mahaɗar jijiyar cinya da ƙwauri, in ya rabu ba abin da zai ja ƙafar. Aka yi hoto, ga ƙashi nan biyu da rata a tsakani. Ya ce da tsagewa ce kawai bai goce ba, da ɗaure ƙafar za a yi a miƙe kamar sati 6 ta haɗe da kanta, amma tunda ya buɗe sai tiyata.

To a nan fa na ga abin da ban taɓa gani a gida ba. Kin san mu can in za a yi maka aiki magana ɗaya ce, kawo kuɗi, a rubuto maka takarda ka je kemis ka sayo kaya. Nan kuwa igama suka karɓa, wato katin izinin zama a ƙasar, da ita suke ganin ta'amin ɗinka, wato inshorar da doka ta ɗora wa kamfani ya yi wa ma'aikacinsa, sannan su tura wa kamfanin inshorar neman muwafaka, wato amincewarsu, ta wani tsarin intanet da suke kira NPHIES. Kuma ba labari ake tura musu ba, lamba ce. Kowace cuta da lambarta a wani kundi na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, su Saudiyya samfurin Ostireliya suke amfani da shi. Kwana biyu ina ɗaki da ƙafa a ɗaure ina jira, sai saƙo ya shigo waya wai an ƙi amincewa. Na ce inna lillahi, ni da ko riyal dubu ban ajiye ba.

Allah Ya haɗa ni da wata baiwar Allah a teburin ta'amin, jikar Hausawa ce haifaffiyar Makka, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci amma mun fahimci juna. Ita ta duba ta ce ai kuskure aka yi, an shigar da S80.0, wannan lambar bugewar gwiwa ce kawai, taruwar jini da kumburi, su kuma masu inshora suka ce wa ke yanka mutum don ya buge? Lambar karayar ƙoƙon gwiwa S82.0 ce. Ki duba fa, 0 da 2 ne kaɗai bambancin, amma shi ya kwantar da ni kwana biyu. Har yadda na faɗi ma akwai lambarsa, faɗuwa a matakala W10, kuma sai da ta yi ta tambayata a gida ne ko a wajen aiki, don in a wajen aiki ne lissafin na GOSI ne, hukumar gwamnati mai biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, wani layi daban. Aka gyara aka sake turawa, kafin la'asar muwafaka ta fito.

Aikin kansa ba wani dogo ba ne, ƙarafa biyu sirara suka zura sannan suka ɗaure da waya kamar lamba 8. Na tabbata likitocinmu na asibitin ƙashi na Dala sun iya shi sarai, hannu ba su fi mu ba, abin da suka fi mu shi ne ban kira kowa a gida na ce a sayar da akuya ba. Amma kuma kar ki ga kamar aljanna ce, 'yan uwanmu da ba su da igama in irin wannan ta same su sai dai a yi karo-karo ko a nemo mai ɗori a unguwa a ɓoye.

Maganar mai ɗori, ki faɗa wa Kawu na gode da man da ya ce zai aiko amma ya bar shi. Ban raina ɗori ba, shi ya gyara min hannu ina yaro, sai dai wannan ƙashin naman cinya ne ke jan rabinsa sama kullum, kara da tsumma ba za su riƙe shi ba.

Yanzu ina zuwa gashi, ilaj ɗabi'i suke ce masa, nan ne ake jin jiki, lanƙwasa gwiwar nan har hawaye nake wallahi. Sallah a kujera nake yi, bandakin tsuguno kuwa an hana ni. Hutun rashin lafiya a dokarsu kwana 30 na farko albashi cikakke ne, 60 na bayansu kashi uku cikin huɗu, ni yanzu na shiga na biyun, saboda haka kuɗin wannan watan zai ɗan ragu, ki sanar da Hajiya tun yanzu kar ta ji shiru ta ɗauka wani abin ne kuma.