Babban ƙamus ko na aljihu, don gane furucin Wednesday?

Malam, ɗauki babban na Oxford na masu koyo, wanda malamin Turanci Hornby ya haɗa, Oxford suka fara bugawa a 1948, ka bar na aljihun nan. Duka biyun na mallaka, kuma kalmar da ta rikita ka, Wednesday, ita ta raba min gardama.

Shekara da shekaru ina cewa "Wed-nes-de", gaɓa uku cif, har a gaban ɗalibai, sai ranar da wata 'yar aji biyu ta ce ita ba haka take ji a rediyo ba. Kunya kamar in nutse. Ina komawa gida na sauko da Oxford ɗin da kawuna ya bar min, bangonsa duk salatif. A gaban kalmar an sa /ˈwenzdeɪ/. Ashe gaɓa biyu ce: Wenz-dei. Ba a furta d na farko, haka ma e da ke bayan n, ɗan karan da ke sama kuma yana nuna gaɓar farko ake dannawa. Ɗigon da za ka gani cikin kalma na yanke ta ne a ƙarshen layi. Furuci yana tsakanin sandunan nan biyu, / /.

Shi wannan d gado ne. A tsohon Turanci sunan ranar Wodnesdæg, wato ranar Woden, abin bautar kakannin Turawan Ingila, wanda mutanen arewacin Turai ke kira Odin. Sun kwaikwayi Rumawa ne, su da suka ba abin bautarsu Mercury ranar, shi ya sa Faransawa ke cewa mercredi. Baki ya yar da d, alƙalami ya riƙe. Larabarmu dai ba ruwanta da gunki, daga Larabci ta zo, rana ta huɗu. Asalin kalmar Wednesday a shafin Oxford na intanet na gano shi, inda za ka ji muryar Ingila da ta Amurka kyauta.

Na aljihun kuwa cewa ya yi ranar da ke bin Talata. Wannan ai ko yaro ya sani. Ba shi da nauyi dai.

Sai ka yi hattara da jabu, sun cika kasuwa. Takarda shara-shara, tawada ta dushe har alamomin furucin ba sa karantuwa, wani ma shafuka ashirin babu. Kada ka biya sai an yage leda ka buɗe wajen W da hannunka. In mai shago ya ƙi, kama hanyarka. Gara ɗan gwanjo na asali ko da bangonsa ya yage.