Letabokisin ko jiyokashin: wanne ya fi dacewa da yawon gidan zu cikin hunturu?

Assalamu alaikum. Ƙanwarmu da ta zo karatu Shikago bana ta yi tambaya jiya da dare: abokan karatunta sun gayyace ta gidan zu na Lincoln Park ranar Asabar, wai za su yi letabokisin, ita kuwa jiyokashin kawai ta taɓa ji. Shin abu ɗaya ne? In kuma sun bambanta, wanne ya fi dacewa da wannan sanyi na Janairu? Na ga har yanzu ba wanda ya tanka, ni kuma na taɓa duka biyun, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ƙanwata, 'yan gida ɗaya ne, amma kowa da halinsa. A duka biyun wani ne ke ɓoye ɗan akwati da ƙaramin littafi a ciki, wasu su fita nema, in sun samu su bar shaidar zuwansu su mayar da shi yadda suka tarar. Bambancin yana wurin abin da zai kai ki, da abin da za ki koma gida da shi.

Letabokisin shi ne babban wa, da tazara mai yawa. A 1854 wani mai yi wa baƙi jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can tsakiyar dajin Dartmoor a kudu maso yammacin Ingila, domin duk wanda ya sha wahalar isa wurin ya bar katin sunansa. Daga baya mutane suka riƙa barin kati mai ɗauke da adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Daga nan sunan ya samo asali, wato akwatin wasiƙa. Bai bazu a Amurka ba sai da mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a Afrilun 1998. Shi kuwa jiyokashin ɗan jiya ne. Ranar 2 ga Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS, mai nuna wuri ta tauraron ɗan Adam, da take yi wa farar hula da gangan, washegari wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, har da gwangwanin wake a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet ya ce a nemo. Yau akwatunan jiyokashin sun haura miliyan 3 a duniya.

A jiyokashin waya ce jagora. Ki buɗe manhaja, kibiya ta nuna miki saura mita 200, saura 40, saura 5, sai ki fara leƙe-leƙe. A letabokisin kwatance ake ba ki, irin wanda muka saba a gida: ka wuce masallaci, ka karya dama wajen mai shayi, gida na uku. Sai dai nasu yakan zo da kacici-kacici. Za a ce ki tsaya inda mai dogon wuya ke kwana, ki juya wa ƙofa baya, ki yi taku 30 zuwa bencin da ke fuskantar ruwa. Wani kwatancen sai da kamfas, wani kuma sai kin ƙirga haruffan wani allo kafin ki san adadin takun.

A nan ne nake ganin abokanki sun yi zaɓi mai kyau. Mutum biyar ba sa iya raba waya ɗaya. Mai riƙe da ita ne ke wasan, sauran suna binsa kamar 'yan rakiyar amarya. Takardar kwatance kuwa ta kowa ce. Wannan ya karanta, wancan ya ce ba haka ake nufi ba, a yi musu, a yi dariya, a koma baya a sake ƙirga taku domin ƙafar dogo da ta gajere ba ɗaya ba ce. Kuma idonki yana kan dabbobi da alluna, tunda amsar tana jikinsu. Na taɓa zagaya wani wurin shaƙatawa da jiyokashin na awa biyu, da na koma gida aka tambaye ni me na gani, wallahi ban da fuskar wayata ba abin da na iya tunawa.

Sai maganar hatimi, wadda ita ce ran letabokisin. A kowane akwati akwai hatimin roba, galibi wanda mai akwatin ya sassaƙa da hannunsa. Ke ma kina da naki, da littafinki, da laƙabin da kika zaɓa wa kanki. In kin samu akwati sai ki buga nasu a littafinki, ki buga naki a nasu. Akwatunan gidan zu sukan zo jere, wannan da hoton zaki, wancan da giwa, na gaba da biri, har shafi ya cika. Wasu sassaƙen sai kin riƙe baki. A jiyokashin suna da kwanan wata kawai ake rubutawa, sai musayar tarkace: ki ɗauki ɗan abin wasa ki ajiye wani a madadinsa. Ki kiyaye wannan da kyau, domin shi ne laifin da 'yan jiyokashin suka fi yi in sun faɗa kan akwatin letabokisin: hatimin da ke ciki ba na musaya ba ne. Kika tafi da shi kin kashe akwatin.

In ba ki da hatimi kada ki damu. Robar goge rubutu da 'yar wuƙar sassaƙa sun isa, dare ɗaya za ki gama. Nawa dagin Arewa ne, a karkace, amma ba wanda ke da irinsa. In za ki sa haruffa ki sassaƙa su a juye kamar a madubi, in ba haka ba sunanki zai fito ta baya. In lokaci ya ƙure, ki dangwala babban yatsa kamar ranar zaɓe, ana karɓa.

To, sanyi. Kowanne da inda yake cizonsa. Batirin waya ba ya jure sanyi, za ki ga tana nuna rabi sai kawai ta ɗauke, kuma dole ki riƙa cire safar hannu don latsa ta. Takarda ba ta mutuwa. Amma soson tawada yana daskarewa, biro ma yakan ƙi rubutu, don haka ki sa tawadar a aljihun ciki kusa da jiki, ki riƙe fensir. Buga hatimi yana cin lokaci fiye da sa hannu, kuma da yatsu tsirara ake yi. Dabarar ita ce ku tsara hanya yadda bayan kowane akwati za ku faɗa ɗaya daga cikin gine-ginen dabbobi masu ɗumi ku dawo hayyacinku. Wani abin da kan rikita sabon shiga shi ne kwatancen da aka rubuta da bazara. Zai ce miki ƙarƙashin duhuwar ganye, ki je ki tarar da ƙirare tsirara. Dusar ƙanƙara kuma ba ta da sirri: sawunku zai nuna wa kowa inda kuka tsuguna, sai ku ɗan tattaka wurin ko'ina kafin ku tafi.

Ta fuskar tsari jiyokashin ya fi. A Geocaching.com akwai masu tantance kowane akwati kafin a wallafa shi, dole a bar tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati, kuma ana buƙatar izinin masu wuri. Letabokisin ya fi sakin jiki, wanda hakan ke nufin za ki iya bin kwatancen akwatin da ya ɓace tun shekarun baya. Ki ce wa wadda ta shirya fitar ta duba a Atlas Quest, shafin intanet na 'yan letabokisin, yaushe aka samu kowane akwati na ƙarshe, kuma ko hukumar gidan zu ta san da shi. Sau da yawa a irin wannan fita masu shiryawa ne ke zuwa da hatiman a jaka, ko kuma kwatancen ya fara a cikin gidan zu ya ƙare a wajen shinge. Duk kwatancen da ya ce ki zura hannu bayan shingen dabba, ki bar shi, ko dai kun ɓata hanya ko mai shi ba shi da hankali.

Wannan na faɗa ne don ya taɓa faruwa da ni a wani gidan zu, ba wannan ba. Ina durƙushe hannuna ƙarƙashin benci sai ga mai gadi a kaina. Da na miƙa masa takardar kwatance da littafina mai cike da hotunan dabbobi sai ya yi dariya ya wuce. Mu da muke baƙi a ƙasar nan, ga hijabi ga launin fata, gara a ganki da takarda a hannu cikin abokai da a ganki ke kaɗai kina lalube a lungu.

Idan wata rana kina ke kaɗai a baƙon gari kina da rabin awa, jiyokashin ya fi sauƙi, domin kusan ko'ina akwai akwati kusa. Na Asabar ɗin nan kuwa ki bi abokanki. Shiga Lincoln Park kyauta ne, gidan yana nan tun 1868, kuma hunturu lokacin dabbobin sanyi ne: birran Japan da farin beyar sun fi walwala yanzu, raƙumin dawa kuwa sai dai ki same shi a ɗaki. Ku fita da hantsi, domin rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna a guje, sai ki fita da alwalarki da 'yar darduma a jaka. Ki sa safa biyu. In kin dawo ki turo mana hoton shafin littafinki mu gani.