Katin inshora a asibitin gwamnati, abin da na gani da idona

Shekara tara kenan muna amfani da katin NHIS ɗin nan na inshorar lafiya ta gwamnati, wanda ya koma NHIA bayan Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a 2022, ni da uwargida da yara huɗu. Wlh da can haushin likitocin asibitinmu nake ji, ka shiga kafin ka gama zama a kujera an rubuta maka farasitamol an ce na gaba, sai da wani maƙocina nas ya warware min zancen. Ashe kuɗi ake ba asibitin da ka zaɓa duk wata a kan kowane kai, ko ka je ko baka je ba, kuma a lokacin an yi shekara da shekaru naira 750 ne kacal. To kai da ake biya maka 750 in ka zo da zazzaɓi aka yi maka gwaji uku aka haɗa ka da maganin maleriya mai kyau ai asibiti ta tafka asara, shi yasa ranar da na kai autarmu jikinta zafi rau, a famasi aka ja layi a kan magani biyu aka ce babu, na tsallaka kemis ɗin bakin get na saya da kuɗina. Wanda ke bayana da kuɗi a hannu kuwa ban ga an ce masa babu ba.

Amma fa da aka tura uwargida wajen babban likita kan ciwon ciki labari ya sha bamban, don can kowane aiki da kuɗinsa ake cajin HMO, wato kamfanin da ke biyan asibiti kuɗin aikin a ƙarƙashin inshorar. Wahalar dai kod ce, wato lambar amincewa da HMO ke turowa kafin a yi maka aiki, tun tara na safe muna kan benci har aka kira la'asar ana ta buga musu waya. Kod na shigowa sai ga sikanin, ga gwajin jini, ga na fitsari, har wani da ni dai ban ga amfaninsa ba, asibiti ɗaya fa.

A 2025 an ɗaga kuɗin kan nan zuwa 1,450, duk da tsadar magani ta cinye kusan duka, gaskiya an ɗan samu sauƙi. Watan jiya an yi wa yarona gwajin maleriya kafin a rubuta komai, na biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin na karɓe shi a cikin asibitin. Maki uku cikin biyar zan ba su. Mai zuwa ya riƙo ɗan kuɗin kemis a aljihu dai, da cajar waya.